Hawa jirgin sama a lokacin annoba: Abubuwan da matafiyi zai auna kafin ya sayi tikiti

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da ɓullar cutar korona a karon farko a Najeriya, a jikin wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a filin jirgin saman Murtala Muhammed da ke Legas. Kusan shekara shida kafin nan, a ranar 20 ga Yulin 2014, ta wannan filin ne Patrick Sawyer ya shigo daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola, wadda ta kashe mutum takwas kafin a shawo kanta, ciki har da Dokta Ameyo Adadevoh da ta hana shi barin asibiti.

Waɗannan al'amura biyu sun isa su nuna dalilin da ya sa filin jirgi ke cikin wuraren da hukumomi suka fara rufewa da zarar annoba ta kunno kai. Sai dai tambayar da ke gaban ɗan kasuwar Kantin Kwari da kayansa ke jiransa a Dubai, ko ma'aikacin da aka tura kwas ƙasar waje, ko majinyacin da likita ya ba shi rana a Alƙahira, ta fi wannan kusa da gida: in tafi ko in haƙura? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci kan korona a ranar 5 ga Mayun 2023, amma a ranar 14 ga Agustan 2024 ta ayyana wata kan cutar ƙyandar biri. Ke nan tambayar za ta sake dawowa, kuma abin da aka koya a shekarun korona shi ne ma'aunin da ke hannu.

Yadda iskar cikin jirgi take

Mutane da dama sun ɗauka cewa jirgi akwati ne rufaffe da fasinjoji ke shaƙar numfashin juna daga tashi har sauka. Ba haka abin yake ba a manyan jiragen zamani. Kimanin rabin iskar da ke ciki daga waje ake zuƙo ta, sauran rabin kuma sai ta ratsa wata matata da ake kira HEPA kafin a dawo da ita. Wannan matata tana kama fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyin da ke yawo a iska, kuma irinta ce ake amfani da ita a ɗakunan tiyata. Iskar ɗakin fasinjoji kan sauya gaba ɗaya cikin minti biyu zuwa uku, tana saukowa daga rufi tana fita ta ƙasa, maimakon ta bi tsawon jirgin daga gaba zuwa baya.

Amma akwai iyaka. Matatar tana tace iskar da ta iso gare ta ne kawai. Idan wanda ke kujerar kusa da kai ya yi tari, numfashinsa zai riske ka tun kafin ya kai ga matata. Haka kuma tsarin ya fi aiki idan jirgi yana sama. Lokacin shiga da lokacin sauka, sa'ilin da kowa ya miƙe a lungun tsakiya yana laluben jakarsa, iskar ba lallai ta riƙa gudana da ƙarfinta ba. Wasu ƙananan jirage da tsofaffi kuma ba su da irin wannan matata.

Abin da aka gani a zahiri

Ranar 15 ga Maris na 2003, lokacin annobar SARS, wani jirgi ya tashi daga Hong Kong zuwa Beijin da mutum 120, ciki har da majinyaci guda. Daga baya mutum 22 suka kamu, kuma waɗanda suka zauna kusa da shi ne suka fi shiga haɗari.

A farkon Maris na 2020, kafin a wajabta sanya takunkumi, wata fasinja mai tari da ciwon maƙogwaro ta hau jirgi daga Landan zuwa Hanoi na ƙasar Biyetnam, tafiyar kimanin awa goma. Masu bincike sun danganta kamuwar mutum 15 da wannan tafiya, 12 daga cikinsu a sashen masu tikiti mai tsada inda ita ma ta zauna. Wato faɗin kujera da tsadar tikiti ba su hana komai ba.

A Satumban 2020 kuma, a wani jirgi da ya tashi daga Dubai zuwa ƙasar Niyu Zilan, tafiyar kusan awa 18, an samu fasinjoji bakwai da cutar bayan sauka, kuma binciken ƙwayoyin ya nuna aƙalla huɗu a cikin jirgin suka ɗauka.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai guda uku ne. Tsawon tafiya yana ƙara haɗari, kusanci da majinyaci yana ƙara shi, rashin takunkumi ma haka. Tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Kano zuwa Abuja ba daidai take da tafiyar da za a kwana a sama a kuma yada zango a Adis Ababa ko Istanbul ba.

Nau'in cutar ma abin dubawa ne. Korona da mura ta numfashi suke yaɗuwa, har daga mutumin da bai fara jin komai a jikinsa ba. Ebola kuwa sai an taɓa jini ko wani ruwan jikin wanda ciwon ya riga ya bayyana a kansa, shi ya sa ma'aikatan asibiti suka fi kamuwa a 2014. Don haka abu na farko da matafiyi zai nema daga Hukumar NCDC ko daga likitansa shi ne ta wace hanya cutar ke yaɗuwa.

Tafiya ba a cikin jirgi ta fara ba

Wanda ya ƙidaya awannin da zai yi a sama kaɗai ya rage lissafi. Akwai tasin da za ta kai shi filin jirgi, da layin auna kaya, da layin bincike, da ɗakin jira inda jinkirin tashi kan tara fasinjojin jirage biyu ko uku wuri guda, da motar bas da ke kwasar mutane a cunkushe zuwa gindin jirgi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan wurare da ke da matatar iska irin ta jirgin. Bayan sauka kuma ga otal, ga gidan abinci, ga kasuwa ko zauren taron da aka je dominsa.

Takardar gwaji ma ba ta rufe ƙofar gaba ɗaya. Korona kan ɗauki kwana biyu zuwa 14 kafin ta bayyana, kuma gwajin PCR ba ya iya gano ta a kwanakin farko na kamuwa. Mutum zai iya yin gwaji ranar Litinin a ce ba ya ɗauke da ita, ya hau jirgi ranar Laraba yana yaɗa ta bai sani ba.

Haɗarin maƙalewa da asarar kuɗi

Ga 'yan kasuwa da yawa, rufe hanya ya fi cutar kanta yi musu illa. A Maris na 2020 Gwamnatin Tarayya ta rufe filayen jiragen Kano da Inugu da Fatakwal ga jiragen ƙasashen waje daga ranar 21, sannan na Legas da Abuja daga ranar 23, da sanarwar 'yan kwanaki kaɗan. Jiragen cikin gida ba su dawo ba sai ranar 8 ga Yuli, na waje kuma sai 5 ga Satumba, a Legas da Abuja kawai. Filin jirgin Malam Aminu Kano sai a 2021 ya koma karɓar jiragen waje. Duk wanda rufewar ta rutsa da shi a wata ƙasa ya ci gaba da biyan kuɗin masauki da abinci daga jarin da ya tafi sayen kaya da shi.

Ƙasar Sin ta rufe ƙofarta ga baƙi ranar 28 ga Maris na 2020, ba ta soke killace masu shiga ba sai ranar 8 ga Janairun 2023. A Afrilun 2020 an kori wasu 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a birnin Gwanzu, lamarin da ya kai ga gwamnatin Najeriya ta kira jakadan ƙasar domin neman bayani. A 2021 saɓani kan ƙa'idar gwaji ya tsayar da jigilar fasinjoji daga Najeriya zuwa Dubai tsawon watanni. Da nau'in Omikron ya ɓulla, Birtaniya ta sanya Najeriya cikin jerin ƙasashen da ta taƙaita wa shiga daga ranar 6 ga Disamban 2021, aka wajabta wa waɗanda aka bari su shiga zaman killace a otal kan fam 2,285 ga kowane baligi. Ranar 15 ga watan aka soke dokar. Cikin kwana tara kacal wasu sun yi asarar da ba za ta dawo ba.

Maniyyata ma sun ɗanɗana. Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umara daga waje a ƙarshen Fabrairun 2020, aka taƙaita Hajjin 2020 da na 2021 ga mazauna ƙasar. Da aka buɗe a 2022, kujera 43,008 aka ba Najeriya, da sharaɗin rigakafi da kuma kada maniyyaci ya haura shekara 65.

A gida ma akwai hukunci. Kwamitin Shugaban Ƙasa da Boss Mustapha ya jagoranta ya wajabta wa masu dawowa killace kai na kwana bakwai da sake gwaji, kuma a farkon 2021 an dakatar da fasfo 100 na tsawon wata shida saboda masu su sun ƙi zuwa gwajin.

Jirgi ko mota?

Fasa hawa jirgi ba kullum yake nufin an tsira ba. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. A jirgi awa ɗaya da rabi, a babbar motar fasinja kuwa dare ne da wani ɓangare na yini, kafaɗa da kafaɗa da mutane da dama, galibi tagogi a rufe. Ta fuskar cutar numfashi kaɗai, gajeriyar tafiyar ta fi sauƙi. Sannan ga haɗarin mota da matsalar tsaro. Harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris na 2022 ya tuna wa matafiya cewa annoba ba ita kaɗai ce barazana a hanya ba. Idan tafiyar cikin gida ta zama dole, abin da za a kwatanta shi ne jirgi da abin da zai maye gurbinsa. Motar gida da iyali kaɗai a ciki, a hanya mai aminci kuma da rana, ita ce ke rage cuɗanya da baƙi fiye da duka.

Tambayoyi biyar kafin yanke shawara

Ta farko, yaya lafiyar jikina? Korona ta fi yi wa waɗanda suka haura shekara 60 illa, da masu ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya, ciwon ƙoda ko na huhu, da masu sikila da mata masu juna biyu. Wanda ke cikin wannan rukuni ya nemi shawarar likita tukuna.

Ta biyu, wa zan dawo in tarar a gida? Matashi mai ƙarfi zai iya warkewa cikin mako guda, amma a gidajenmu da iyaye da kakanni da jikoki ke kwana a tsakar gida ɗaya, tsarabar da ya kawo za ta iya faɗawa kan wanda ba zai jure ba.

Ta uku, me zai faru idan ban je ba? Jinyar da jinkiri zai tsananta ta daban take da taron da za a iya halarta ta intanet. Majalisar Zartarwa ta Tarayya kanta ta koma zama ta bidiyo a Mayun 2020, kuma baje kolin Kanton da ake yi a Gwanzu ya koma intanet a wannan shekarar. Ɗan kasuwa mai amintaccen wakili zai iya duba kaya ta kiran bidiyo, ya nemi a aiko da samfuri, ya biya kuɗi kashi-kashi.

Ta huɗu, yaya annobar take a can, kuma idan na kwanta ciwo wa zai biya asibiti? A karanta takardar inshora da kyau, domin ba kowace ce ke ɗaukar nauyin cutar annoba ko kuɗin killacewa ba.

Ta biyar, zan iya ɗaukar nauyin kaina idan aka rufe hanya mako biyu ko wata guda? Ma'aikacin gwamnati ya nemi a bayyana masa a rubuce ko ma'aikatarsa za ta biya kuɗin gwaji da na ƙarin kwanaki, kada ya dawo ya shiga bin fayil daga ofis zuwa ofis.

Idan tafiya ta zama dole

A yi rigakafi idan akwai, aƙalla mako biyu kafin tashi, domin jiki ya samu lokacin gina kariya. A sayi tikitin da za a iya sauya masa rana ko da ya ɗan fi tsada, a zaɓi jirgin da ba ya yada zango idan da hali. A duba ƙa'idojin shiga a shafin ofishin jakadancin ƙasar da na kamfanin jirgin, a sake dubawa ana gobe tafiya, kada a dogara da saƙon da ake yaɗawa a WhatsApp.

Takunkumi nau'in N95 ko KN95 da ya manne wa fuska ya fi na yadi kariya, kuma a sanya shi tun daga ƙofar filin jirgi. Kujerar gefen taga ta fi nisa da masu kai-komo. A gajeriyar tafiya za a iya haƙura da abincin jirgi; a doguwa kuwa a jira maƙwabta su gama su mayar da takunkuminsu. A riƙe magungunan da aka saba sha a jakar hannu, da ƙarin na mako biyu. Bayan dawowa a ɗan nisanci tsofaffi da marasa lafiya na 'yan kwanaki, a yi gwaji da zarar an ji zazzaɓi ko tari.

Akwai kuma hukuncin da ba ya buƙatar dogon nazari. Duk wanda ya wayi gari ranar tafiya da zazzaɓi ko tari, ko aka tabbatar yana ɗauke da cutar, ya fasa, ko nawa ya kashe a tikiti. Sayen takardar gwaji ta bogi laifi ne, kuma zalunci ne ga mutanen da za su zauna kusa da shi. Tarihi ya nuna Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya samu labarin annoba ta ɓarke a can, bayan ya yi shawara da sahabbai. Kasuwa za ta sake ci, taro za a sake kira, kuma kamfanonin jirage da dama kan amince a ɗage ranar tafiya idan aka sanar da su kafin jirgi ya tashi.