Wankin kafet: Sana'ar da ƙura ke kawo wa ciniki, amana ke riƙe ta

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa, babu gidan da ƙura ke ragawa a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. Ko an rufe ƙofa da taga sai ta shiga, kuma inda ta fi samun wurin kwanciya shi ne cikin kafet, wanda da yawa suka fi sani da tapi. Shara da tsintsiya na kwashe na sama ne kawai, yashin da ya nutse cikin gashin kafet yana nan.

A yau da wuya a shiga falon amarya, masallacin unguwa ko ofis a manyan garuruwan Nijar ba a taka kafet ba. Sai dai wankinsa aiki ne da ya fi ƙarfin mutum ɗaya a tsakar gida: yana shan ruwa, yana da nauyi idan ya jiƙe, yana kuma buƙatar wurin shanya. Wannan ya sa ake ganin kafet a shanye bisa katangun wuraren wankin mota, ya kuma sa wasu matasa suka fara ɗaukar aikin a matsayin sana'a mai zaman kanta.

Ga matashin da ke neman abin yi, da kuma ɗan ci-ranin da ke Libiya, Aljeriya ko Abijan yana tunanin abin da zai kafa wa ƙanensa a gida, sana'ar tana da daɗin shiga domin ba ta neman babban jari. Amma kuma tana da saurin karya mutum. Kafet ɗaya mai tsada da ya lalace a hannun mai wanki na iya cinye ribar makonni, ya tafi da sunansa a unguwa.

Ruwa da wurin shanya kafin inji

Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne su zuba duk jarinsu a kan injin feshin ruwa, wanda ake kira Kärcher ko da na wani kamfani ne, sannan daga baya su fara tambayar inda za su samu ruwa. Hausawa sun ce ruwa abokin aiki, kuma a wannan sana'a shi ne uban tafiya.

Ƙaramin injin feshi irin na gida yana fitar da kimanin lita 6 zuwa 8 a minti ɗaya. Ke nan feshin minti 10 ya kai jarka uku mai lita 25, kuma babban kafet ba ya ɗaurayuwa cikin minti 10. Wanda ke da famfo a wurin aikinsa zai ga wannan a takardar biyan kuɗin ruwa a ƙarshen wata. Wanda ke saye a hannun ƴan ga-ruwa kuwa zai ji shi a aljihu kullum. A Damagaram, inda aka daɗe ana fama da ƙarancin ruwa musamman a bazara, wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna ko sana'ar za ta tsaya a unguwa ko ba za ta tsaya ba. Shi ya sa ya fi kyau a nemi wuri kusa da rijiyar burtsatse, ko a haɗa kai da mai wankin mota da ya riga ya mallaki ruwa, a riƙa ba shi kasonsa. Ganga ɗaya ko biyu na ajiyar ruwa ma wajibi ne, don kada famfo ya ɗauke a bar kafet da kumfa a jikinsa.

Bayan ruwa sai fili. Ana buƙatar daɓen siminti mai ɗan gangare, wanda ya fi kafet mafi girma faɗi, da kuma ƙarfe ko katako mai ƙarfi da za a rataya kafet a kai iska ta ratsa shi ta gaba da baya. Shanya a kan katangar ƙasa ko a bisa yashi mayar da aiki baya ne. Sannan a tanadi inda ruwan wanki zai tafi. Idan ya kwanta a titi zai tara sauro, ya jawo rigima da maƙwabta, ya kuma jawo ma'aikatan tsafta na ofishin magajin gari. Ramin da aka cika da tsakuwa yana magance wannan.

Sauran kayan aiki ba su da yawa: buroshi mai tauri da mai laushi, bokitai, tiyo, sandar kakkaɓa, abin jan ruwa mai bakin roba, ma'aunin mita, fararen tsummoki da leda ta naɗe kafet bayan ya bushe. Da waɗannan ana iya farawa. Idan ciniki ya kankama, injin zuƙe ƙura da ruwa shi ya kamata a fara saye, domin yana rage lokacin bushewa, wanda shi ne babbar matsalar sana'ar. Duk wanda zai dogara da inji ya tuna da ɗaukewar wutar lantarki a lokacin zafi, ya kuma nisanta wayoyin wuta daga inda ruwa ke gudu.

Ba kowane kafet ne ke son ruwa ba

Yawancin kafet da ke kasuwanninmu na zaren roba ne, kamar waɗanda ake shigowa da su daga Turkiyya da Sin. Wannan yana jure ruwa da sabulu. Amma akwai na ulu, wanda ke tsukewa idan ya sha ruwan zafi, kuma sabulu mai ƙarfi yana ɓata shi. Akwai mai sheƙi kamar siliki, wanda zarensa ke yin rauni idan ya jiƙe, ya bushe da tauri ko ya yi ɗorawa. Akwai kuma mai bayan igiyar buhu, wanda idan ya daɗe a jiƙe yake tsukewa ya fitar da launin ƙasa zuwa sama. Juya kafet a duba bayansa da takardar da ke manne a gefe aikin minti ɗaya ne, amma shi ke raba gwani da ɗan koyo. Idan mai wanki ya ga nau'in da bai sani ba, ya fi masa alheri ya mayar wa mai shi da ya yi koyo a kansa.

Matakin farko shi ne fitar da ƙura tun kafet yana bushe. A rataya shi a kakkaɓe ta baya, ko a bi shi da injin zuƙa. Wanda ya tsallake wannan ya zuba ruwa, ya kwaɓa laka ne a cikin kayan mutane. Daga nan sai gwajin launi: a jiƙa farin tsumma da ruwan sabulun da za a yi aiki da shi, a danna a wani lungu, musamman inda yake ja ko shuɗi. Idan launi ya fito a tsumman, to zai zuba a wanki.

Sabulu kaɗan ya isa. Masu farawa kan ɗauka yawan kumfa shi ne tsafta, alhali omon da ya rage a cikin zare yana yin danƙo ya riƙe ƙura, bayan mako biyu kafet ya fi da datti. A goge da buroshi ta inda gashin ya kwanta, a ɗauraye har ruwa ya fita garau babu kumfa. Kada a kusanto da bakin injin feshi jikin kafet, yana tsinka zare ya ɗaye mannin baya.

Shanya ita ce ƙarshen jarrabawa. A ja ruwan da kyau, a rataya, a bar bayan kafet ya fuskanci rana domin zafin bazara yana koɗar da launi. Kafet da aka naɗe da sauran danshi zai yi warin ruma, kuma turare ba ya ɓoye shi. Kafin a naɗe, a tura yatsu har gindin gashin a ji.

Tabo da maganar tsarki

Kowane tabo da maganinsa. Jini ruwan sanyi yake so, ruwan zafi dafa shi yake yi ya zauna. Mai da manja ana fara tsane su da tsumma, sannan a bi da sabulun wanke kwanoni. Cingam ana daskarar da shi da ƙanƙara a kankare. Shayi da lemo ana danna su ne da tsumma daga gefe zuwa tsakiya, gurzawa faɗaɗa su take yi. Lalle kuwa rini ne, sau da yawa ba ya fita gaba ɗaya, haka ma tsohon tabon goro. Gara a faɗa wa mai kaya tun wurin karɓa da a yi alkawarin da ba za a cika ba.

Ruwan Javel yana cin launi, yana kuma lalata ulu. Haɗa shi da ruwan khal ko da maganin wanke bayi yana fitar da iska mai guba da ke illa ga huhu da idanu. Duk wanda zai ɗauki yara aiki ya fara koya masu wannan.

Akwai kuma abin da ya fi tabo muhimmanci a wurin yawancin masu kawo wanki, wato tsarki. A kan kafet ake salla, a kansa kuma jarirai ke rarrafe su yi fitsari. A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasar nan, ruwa tsantsa wanda ba a gauraya da komai ba shi ke gusar da najasa. Saboda haka ɗaurayar ƙarshe ta zama da ruwa mai gudu, kuma kada a tsoma kafet ɗin masallaci a ruwan da aka wanke wani. Mai wankin da ya tambayi uwar gida ko akwai inda yaro ya ɓata, ya kuma ba wurin kulawa ta daban, ya samu abokiyar ciniki da za ta kai labarinsa gidajen biki da suna.

Farashi, lokaci da littafi

Yanke farashi da ido yana jawo asara. Kafet mai mita 2 da 3 murabba'in mita 6 ne, mai mita 3 da 4 kuwa 12 ne, wato ninki biyu na ruwa, sabulu da wahala. A auna a gaban mai kaya, a yi farashi bisa mita, a ƙara wani abu idan mai kauri ne ko mai tabo da yawa. A cikin farashin dole a sa kuɗin ruwa, sabulu, wuta, ladan mataimaki, kuɗin adaidaita ko amalanken da zai ɗauko ya mayar, da wani abu da za a ajiye domin gyaran inji. Abin da ya rage bayan wannan shi ne riba, ba duk abin da ya shiga aljihu da yamma ba.

Ciniki yana da lokutansa. Yana tashi kafin azumi, lokacin da masallatai ke shirin asham da tahajjud, sannan gab da ƙaramar salla da sallar layya, da kuma bayan hunturu. A waɗannan ranaku jarabar karɓar abin da ya fi ƙarfin wurin shanya tana da yawa, kuma wanda ya hana mutum kafet ɗinsa ranar salla ba zai sake ganinsa ba. Da damina kuwa ciniki yana ja baya, bushewa tana ɗaukar lokaci, sai an samu rumfa mai iska. Masu dabara kan cike wannan giɓi da wankin kujerun falo, barguna, labule da kujerun mota. Yarjejeniya da masu hayar rumfa da shimfiɗun biki, da otal-otal da ofisoshi, ita ke kawo aikin da ba ya yankewa. Irin waɗannan wurare sukan nemi rasit, don haka idan sana'a ta fara tsayuwa yana da kyau a yi rajista a samu lambar NIF ta hanyar Maison de l'Entreprise.

Wayar salula ma kayan aiki ce. A ɗauki hoton kowane kafet lokacin karɓa, gaba da baya, tare da duk wata yagewa ko ƙuna da ke jikinsa, a tura wa mai shi ta WhatsApp. A rubuta suna, girma, farashi da ranar mayarwa a littafi, a ɗaura lamba a gefen kafet. Kafet da yawa kamarsu ɗaya, kuma musanya na wani da na wani yana cikin abubuwan da suka fi haddasa rigima. Hoton kafin wanki da na bayan wanki, idan mai kaya ya yarda, ya fi kowane allon talla.

Ga masu turo jari daga waje

Ɗan ci-ranin da ya tara kuɗi da guminsa yakan so ya ga hoton sabon inji a matsayin shaidar cewa kuɗin sun yi aiki. Amma ya fi amfani a raba jarin kashi-kashi. Kashin farko ya tafi ga daɓe, ganga, ƙarfen shanya da kayan hannu. Wanda za a kafa wa sana'ar ya fara yin ƴan makonni a hannun wani mai wanki, ya kuma gwada hannunsa a kan kafet ɗin gida da na dangi. Idan littafinsa ya nuna masu kawo wanki suna dawowa, sai a turo kuɗin inji ta Nita, Amana ko Al Izza. Idan abokai ne na fada ɗaya suka haɗa jari, su rubuta kason kowa da aikin kowa tun ranar farko, a gaban wani babba.

Sannu ba ta hana zuwa. Ƙura za ta dawo kowace shekara, masu kafet kuma za su ci gaba da neman wanda zai karɓi kayansu ya mayar masu da su a ranar da ya faɗa, a bushe, da launinsu yadda yake.