Daga Epsom zuwa Gombe: Abin da ke sa sunan dokin sukuwa ya dawwama

Cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Gombe, akwai guda biyu da sunayensu kaɗai suka isa shaida kan matsayin doki a wannan birni: Dawaki da Shamaki. Na farko ba ya buƙatar bayani. Na biyu kuwa sarauta ce ta mai kula da bargar sarki, wanda a zamanin da shi ke da alhakin ci da sha da lafiyar dawakin fada.

A bisa doki aka kafa masarautar. Modibbo Buba Yero, almajirin Shehu Usman Ɗanfodiyo, ya karɓi tuta a farkon jihadin 1804, ya kuma kafa hedikwatarsa a Gombe Abba. Shekara kusan ɗari bayan haka, a ranar 27 ga Yuli, 1903, a Burmi da ke yankin Funakaye na yau, sojojin Birtaniya suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Daga wannan rana aikin dokin yaƙi ya ƙare a ƙasar. Lokacin da aka dawo da hedikwatar masarauta Gombe Doma a 1919, bayan zaman Nafaɗa, doki ya riga ya koma abin ado da alfarma: hawan sallah, rakiyar sarki, hawan angwanci, kilisa, sai kuma sukuwa.

Har gobe mutanen Gombe na kiwon doki, suna kuma kashe masa abin da ba su kashe wa kansu ba. Amma da za a tambayi wane doki ne ya fi gudu a birnin shekara 40 da suka wuce, wa ya haife shi, kuma cikin daƙiƙa nawa ya cinye zangonsa, amsar tana bakin dattawa ne kawai, kuma kowane dattijo da tasa.

Ingarmu uku da littafi ɗaya

Dokin tsere da ake kira Thoroughbred, wanda ake sayen ɗansa da miliyoyin daloli a yau, asalinsa ba daga Turai yake ba. Kowane ɗaya daga cikinsu, idan aka bi salsalarsa ta wajen uba, ana tuƙewa ne ga ɗaya daga ingarmu uku da aka kai Ingila daga ƙasashen gabas: Byerley Turk a shekarun 1680, Darley Arabian da aka saya a Halab ta ƙasar Sham a 1704, da Godolphin Arabian da ya isa can wajen 1730. Wasu masana tarihi na ganin wannan na ukun jinin dawakin Barbar ne na Afirka ta Arewa, wato irin da, tare da na Dongola, aka samo dawakin ƙasar Hausa da Borno daga gare su. Idan haka ne, akawal da bidi da kilin da ke ɗaure a turakun Gombe dangi ne na nesa ga zakarun Turai.

Abin da ya raba su shi ne alƙalami. A 1791 James Weatherby ya fara buga littafin salsalar dawaki na Ingila, inda ake rubuta kowace goɗiya, da ingarman da ya hau ta, da duƙushin da ta haifa. Gidan Weatherby ne ke riƙe da littafin har yau. Kafin nan, a 1780, an fara gasar Derby a Epsom, wadda Diomed ya lashe. Gasa na nuna wanda ya fi gudu, littafi na nuna wanda ya haife shi, makiyayi kuma ya haɗa gwani da gwana. Da wannan aka gina iri guda cikin ƙarni uku.

Eclipse, wanda aka haifa a 1764, ya yi tsere 18 ba a taɓa wuce shi ba. Babu hotonsa na kyamara, babu wanda ke raye da ya san wanda ya gan shi, amma ana iya bin jininsa suna bayan suna har zuwa mafi yawan dawakin da ke gudu a yau.

Tsere biyu na 1973

Masu bin wannan wasa kan ce shekarar 1973 ta yi abin da ba a cika samu ba, domin ta ba da tsere biyu da har yanzu ake komawa kallonsu.

Na farko na tsallake shinge ne, a filin Aintree kusa da Liverpool, ranar 31 ga Maris. Gasar Grand National ta fi kilomita 7 a lokacin, da shinge 30. Wani ƙaton doki daga Ostareliya mai suna Crisp, ɗauke da nauyi mafi yawa a cikin jerin, ya yi wa sauran fintinkau har ana ganin magana ta ƙare. Ko da ya tsallake shingen ƙarshe, yana gaba da tazara mai yawa. Sai ƙarfinsa ya fara ƙarewa, ƙafafunsa suka yi nauyi. Red Rum, wanda kayansa suka fi na Crisp sauƙi da kimanin kilo 10, ya yi ta cin tazarar har ya wuce shi taku kaɗan kafin layi. Red Rum ya sake lashe gasar a 1974 da 1977, ya zo na biyu a shekaru biyun da ke tsakani. Da ya mutu a 1995, a bakin layin ƙarshe na Aintree aka binne shi.

Na biyu a fili ne shimfiɗaɗɗe, a Belmont da ke New York ta Amurka, ranar 9 ga Yuni. Secretariat ya cinye kimanin mita 2,400 cikin minti 2 da daƙiƙa 24, ya bar na biyu a baya da tsawon doki 31. Fiye da shekara 50 ke nan babu dokin da ya karya wannan lokaci a kan turɓaya.

A wannan ƙarni kuma an yi Frankel, dokin Yarima Khalid bin Abdullah na Saudiyya, wanda ya yi tsere 14 a Ingila ya lashe duka kafin a ajiye shi a 2012.

Namu gwanayen

Ƙasar Hausa ma ta yi dawakin da suka yi suna. Mafi shahara shi ne Ɗanfilinge, dokin Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda Makaɗa Ibrahim Narambaɗa ya yi wa waƙar Dokin Iska. Sunansa na nuni ga Filinge ta Jamhuriyar Nijar. Waƙar ce ta raya shi har yau, kuma ba ƙaramin gata ba ne. Sai dai waƙa na adana kwarjini ne, ba ta adana iri. Makiyayin da ke son jinin Ɗanfilinge a bargarsa ba shi da takardar da zai bi.

Filayen ma sun yi ta tafiya. Filin sukuwa na Legas, inda aka sauke tutar Birtaniya ranar 1 ga Oktoba, 1960, shi ne ya zama Dandalin Tafawa Ɓalewa. Na Kaduna ya zama Dandalin Murtala. Na Kano na nan da sunansa, amma gari ya kewaye shi, wasu wasanni kuma sun shigo. Wasan ƙwallon doki ne ya fi samun gata, tun daga Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo, domin yana da ƙungiyoyi da kofuna masu tarihi, irin su Kofin Georgian na Kaduna da ake bugawa tun 1919.

Duk da haka sukuwa ba ta mutu ba. Ana taruwa a Bida da Kano da wasu garuruwa, ana raba dawakin rukuni-rukuni, na Arewa daban, na Sudan daban, Thoroughbred daban, mahaya na zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru. Gombe, wadda ke kan mahaɗar hanyoyin Bauchi da Yola da Biu da Potiskum, tana tsakiyar wannan zirga-zirga.

Abin da ke kan teburin Abuja

Abu uku ne ke tsakanin Gombe da gasar da za a riƙa tunawa, kuma dukkansu na da ofishi a babban birnin tarayya.

Na farko rajista. Afirka ta Kudu da Kenya da Maroko na da littattafan salsala da duniyar tsere ta amince da su. Wanda ya fi gaggawa ga Najeriya ma shi ne littafin dokin Arewa kansa, wanda ya saba da zafin rana da harawa da dusa da kanwa, kafin barbara ba tsari ta narkar da shi. Aiki ne da ya dace da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka ƙirƙira a 2024, kuma masarautu, masu Shamaki da 'yan barga da suka san kowane doki da uwarsa, su ne ƙofar shiga.

Na biyu lafiya. Cutar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa musamman da damina, kan kashe har tara cikin goma na dawakin da ba su da kariya, kuma baƙin dawaki daga waje sun fi saurin faɗuwa. Ita ce kuma ke sa ƙasashe da yawa ƙin karɓar doki kai tsaye daga wannan yanki. Wanda ya sayi doki mai tsada ya kawo shi Gombe ba tare da allurar rigakafi da barga mai raga ba, ya yi ajiya ne a bakin rijiya. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, mai shekara fiye da 100, tana da rawar takawa a nan.

Na uku fili da kuɗi. Matashin da ba shi da filin sukuwa, kwalta ce filinsa, tsakanin babura da Keke Napep, abin da ke jawo karayar doki da ta mutum. Fili mai awo, da agogo, da alƙalai, da likitan dabbobi a gefe, shi ke mayar da kilisa wasa. Wannan ya shafi Hukumar Wasanni ta Ƙasa da gwamnatin jiha. Batun kuɗi kuwa, a Ingila caca ce ke ɗaukar kaso mai yawa na nauyin tsere, abin da al'ummar Gombe ba za ta lamunta ba. Amma akwai wata hanya. A 1996, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Gombe, Dubai ta fara gasarta ta Kofin Duniya, wadda dokin Amurka Cigar ya lashe. Saudiyya ta biyo da nata kofin a 2020, da ladan dala miliyan 20. Ba a caca a filayen biyu. Gwamnati da kamfanoni ne ke ɗaukar nauyi.

Gombe ba ta da kuɗin Dubai, ba ta kuma buƙatar su kafin ta fara. Weatherby da littafi guda ya fara. Duk duƙushin da aka haifa a unguwar Dawaki a bana, idan aka rubuta ranar haihuwarsa da sunan ubansa da uwarsa, aka kuma ɗauki lokacinsa ranar da ya fara gudu, jikokin mai shi za su sami abin da za su nuna, ba abin da za su ba da labari kaɗai ba.