Yadda A Ke Raba Mai Da Ruwa A Fadamar Kalmalo

Duk wanda ya san ƙasar Illela ya san Tafkin Kalmalo, inda ruwan Majiya ya ke zubewa bayan ya ratso ƙasar Ƙonni. Tun da aka datse kogin a can cikin Nijar ruwan da ke saukowa ya ragu, ɗan abin da ya rage kuwa shi ne na lambu, shi ne na dabba. To, ga injin ban ruwa ya wadata. Mai lambu ya kan juye baƙin mai a bakin ruwa, ya ɗauraye galan ɗin fetur a nan, ya yi tafiyarsa.

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, mai ya fi ruwa sauƙin nauyi, saboda haka a sama ya ke tsayawa. Muddin yana sama ana iya kama shi. Na kan sa ɗalibanmu masu koyon aikin malanta su gwada da idonsu: a zuba ruwa mai mai a garwa mai toshe a gindi, a bar shi ya kwana, da safe a zare toshen. Ruwa ya fita, mai ya saura. A tafki kuwa sai a cusa karan gero ko ƙaiƙayi cikin buhuna, a jera su da igiya a kewaye man don kada iska ta yaɗa shi, sa'an nan a yaɗe shi da faranti. Kada wani ya raina dabarar. A shekarar 2020, da jirgin Wakashio ya zubar da mai a gaɓar tsibirin Morishus, busasshen ganyen rake da gashin kai mutanen wurin suka ɗura cikin yadi suka tare shi. Buhunan da suka sha mai a kai su nesa da rijiya.

Kuskuren da na fi gani shi ne watsa garin sabulu. Ƙyallin ya ɓace, mutum ya ce ya yi magani, alhali kuwa farfasa man ya yi, ya tura shi cikin ruwa inda hannu ba ya kai. Ingila ta yi wannan kuskure a 1967, da jirgin Torrey Canyon ya fashe, maganin da aka zuba ya kashe halittun gaɓa fiye da man kansa.

Saura wanda ya narke, shi ne mai wuya. Tacewa da yashi da gawayi ta kan rage shi, amma ruwan da ke warin fetur ba na sha ba ne, ko an tafasa shi. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya sami mai santimita 8 kwance a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa a Ogale, ya kuma ce gyaran ƙasar zai ci shekara 25 zuwa 30.