Dutse mai aman wuta: ciwon da ke saura bayan wuta ta mutu

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a gabashin ƙasar Kongo, kusa da birnin Goma, akwai wani dutse da ake kira Niragongo. Ya yi aman wuta a 1977, da 2002, da 2021. A 2002 mutane wajen 400,000 suka gudu, gidaje dubbai suka ƙone. Wutar takan mutu cikin kwanaki, amma ciwon da take bari yakan yi shekaru.

Na farko, ƙirji. Ko ba ya aman wuta, dutsen yana fitar da hayaƙi mai warin ƙibiritu. Tokarsa kuma ta fi ƙurar hunturu kaifi, don garin dutse ce. Mai shaƙarsu kullum yakan yi fama da tari da ciwon ido. Yara da tsofaffi da masu asma sun fi wahala.

Na biyu, ruwa. Hayaƙin yana gauraya da ruwan sama, ya ƙona ganyen shuka. Yana kuma zuba masa wani sinadari, fuluwor. Mutanen ƙauyukan gindin dutsen ruwan sama suke tara su sha. In fuluwor ya yi yawa, haƙoran yara su yi ja, daga baya ƙashi ya lalace. Kun san wannan ciwo: shi ne ya lanƙwashe ƙafafun yara a Tibiri ta Maraɗi, ta ruwan wata rijiyar burtsatse.

Na uku, muguwar iska. Tana fitowa daga ƙasa, ta kwanta cikin kwari, ba launi, ba wari. Mutanen Goma suna ce mata mazuku. Irinta ce ke kashe fitilar mai haƙar rijiya. Yara da awaki take fara kayarwa, don sun fi kusa da ƙasa.

Na huɗu, zuciya. Wanda gonarsa ta koma baƙin dutse, ko ɗansa ya ɓace cikin gudu, yakan kasa barci, ya riƙa firgita da kowace ƙara, har bayan shekaru. Wannan ciwo ne na gaske, ba ragwanci ba.

Saboda haka, in kun ga haƙoran yaranku suna ja, ku nemi a auna ruwan rijiyarku. Wanda masifa ta firgita kuwa, kada ku bar shi shi kaɗai. Ku zauna da shi, ku raka shi asibiti.