Lacca a ƙasar waje: ziyara ce ko aiki?

An gayyace ka Landan ka yi jawabin minti arba'in, an ce akwai ɗan tukuici. A wurinmu wannan karramawa ce, ba wanda zai kira ta aiki. Shi kuwa jami'in shige da fice ba ruwansa da sunan da muka raɗa wa kuɗin. Abu biyu yake son sani: wa zai biya ka, wa kuma zai ci ribar zuwanka?

Birtaniya ta yarda mai bizar ziyara ya yi jawabi sau ɗaya ko 'yan kaɗan, muddin taron ba na neman riba ba ne. Marubuci ko mawaƙi ma yana iya fitowa ya tallata aikinsa, in dai ba biyansa za a yi ba. Amma ya baje littattafai a bakin zaure yana karɓar kuɗi hannu da hannu, wannan ciniki ne, kuma an hana. In lada za a ba ka, tun 31 ga Janairu 2024 an buɗe ƙofa: ƙwararren da wata cibiyar ƙasar ta gayyata a rubuce yana iya karɓar kuɗin jawabi a taro, bisa sharaɗin ya gama cikin kwana 30 na farko da shigarsa, kuma batun ya shafi sana'ar da aka san shi da ita a gida. Likita ya yi bayanin ciwon suga, ba tallar turare ba.

Amurka ta fi tsanani. Mai bizar ziyara ta B-1 ana iya mayar masa da kuɗin jirgi, masauki da abinci, amma ban da lada daga aljihun Ba'amurke. Wata dokar 1998 ta ɗan sassauta wa jami'o'i da cibiyoyin bincike: su ba da tukuici, in aikin bai wuce kwana 9 a wuri guda ba, kuma baƙon bai karɓa daga cibiyoyi fiye da 5 cikin wata 6 ba. Mawaƙin da zai hau dandali, bizarsa daban ce, O ko P.

Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne bakin kantar shige da fice. Mutum ya ce "ziyarar 'yan'uwa na zo", alhali hotonsa da farashin tikiti na yawo a Facebook tun makon jiya, sai ka ce jami'in ba shi da waya. Yaudara irin wannan kan jawo haramcin shekara 10 a Birtaniya, a Amurka kuwa na har abada. Kafin ka sayi tikitin jirgi, sa masu gayyata su rubuta a takarda ko nawa za su ba ka, da kuma na mene ne.