Shin Ko Kun San? Daga Kwatar Gyaɗi-Gyaɗi Zuwa Hantar Tarwaɗa

Da magariba, idan mai suya ta tsamo tarwaɗa daga mai a Tarauni ta barbaɗa mata yaji, ba wanda ke tambayar ruwan da kifin ya girma a ciki. Ga abin da ya kamata mu sani.

Shin ko kun san cewa ruwan kwatocin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni rafin Tatsawarki yake bi, ya haɗu da dagwalon masana'antun Sharaɗa, sannan ya faɗa kogin Challawa? Na Bompai kuwa rafin Getsi yake bi zuwa Jakara, ya tsaya a dam ɗin Wasai, inda masunta ke kamun kifi.

Shin ko kun san cewa jikin kifi, kamar namu, da sinadarai yake aika saƙon girma da na haihuwa? Homon ake kiran su. Wasu sinadaran da ke cikin roba mai tauri, da sabulun masana'antu, da maganin ciyawa, sukan yi shigar burtu, jiki ya ɗauka nasa ne, ya bi umarninsu.

Shin ko kun san cewa kifi ma yana yin tsatsa ta ciki? Yayin da hanta ke fafutukar narkar da guba, takan saki wasu ɓurɓushin iskar oksijin masu cin duk abin da suka taɓa. Jiki na da dakarun da ke kashe kaifinsu, irin su katalas. Amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: idan gubar ta rinjayi dakarun, sai fatar ƙwayoyin halitta ta lalace, kamar yadda man gyaɗa ke yin ɗoyi idan ya daɗe a buɗe. Hanta da wurin numfashin kifi ne kan fara jin jiki.

Shin ko kun san cewa daga 2001 zuwa 2003 masana a Kanada sun riƙa zuba ɗan mitsitsin sinadarin ƙwayar tazarar haihuwa a wani tafki da gangan? Mazan wani ƙaramin kifi suka soma yin sinadarin ƙwai irin na mata, kuma cikin 'yan shekaru irinsa ya kusa ƙarewa a tafkin.

Shin ko kun san cewa gamalin, wanda wasu ke zubawa a ruwa don kifi ya taso, na ɗauke da sinadarin da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Stockholm ta sa cikin jerin haramtattu a 2009? A kitse yake maƙalewa ya daɗe.

Shin ko kun san cewa suya na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta ƙone ƙarfen kuromiyom da majemu ke zubarwa a ruwa ba? Don haka ku cire kayan ciki da kitse kafin girki, ku tambayi mai kifi daga wane ruwa ya saro. Ragowar maganin feshi kuma kada ya ga kwata, domin abin da aka zubar a ƙofar gida yana iya dawowa cikin faranti.