Ƙanƙara da Jasfa: Duwatsun Aikin Mutanen Dā da Illar Tsince Su

Kafin ashana ta shigo ƙasar Hausa, da ƙyastu da ƙanƙara ake yin wuta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, dubban shekaru kafin a san ƙarfen da ake ƙera ƙyastun da shi, wannan dutse da danginsa su ne wuƙa, su ne kan kibiya, su ne kuma abin kankare fata. Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne a bayyana dalilin da ya sa mutanen dā suka zaɓi waɗannan duwatsu, da kuma irin asarar da ake yi idan aka tsince su daga inda suke kwance.

Ƙanƙara da dutsen nan da masana ke kira jasfa 'yan gida ɗaya ne. Dukansu sinadarin silika ne, watau abin da ya fi yawa a cikin rairayi, sai dai ƙwayoyinsu ƙanana ne ainun, ido ba ya ganinsu. Tsatsar ƙarfe da ta gauraya da jasfa ita ke ba shi launin ja ko rawaya. Saboda ƙanƙantar ƙwayoyin nan, idan aka doki gefen dutsen ba ya rugurgujewa kamar marmara, sai dai ya ɓantale kamar gindin kwalba, ɓallin ya fito da baki mai kaifin aska. Wanda ya gwanance yakan san inda dutsen zai tsage tun bai kai bugu ba. Bugun kuwa yana barin shaida: akan ga ɗan ƙullutu dab da inda aka doka, da layuka masu kama da zoben da ruwa kan yi in an jefa tsakuwa a tafki. Da wannan ne masu binciken kayan tarihi suke rarrabe aikin hannu da dutsen da zafin rana ya fasa.

Bahaushe ma ba baƙon jasfa ba ne. Jan irinsa shi ne lantana, wanda fatake suka riƙa ɗaukowa daga yankin kogin Kwara, a ƙasar Nijar ta yau, suna kaiwa Ilori, inda akan goge shi a huda a yi duwatsun wuya.

Amma inda labarin ya fi daɗi shi ne hamadar Tenere, gabas da duwatsun Azbin. A wurare kamar Adrar Bus, inda J. Desmond Clark ya yi bincike a 1970, an sami kawunan kibau da wuƙaƙe masu siffar faifai na wani koren dutse, wanda aka daɗe ana kira koren jasfa, kafin a gane cewa asalinsa daga aman wuta ne. A shekarar 2000 tawagar Paul Sereno, suna neman ƙasusuwan manyan dabbobin dā, suka faɗa kan Gobero, wata tsohuwar maƙabarta mai kaburbura wajen 200 a bakin ƙafaffen tafki. Mutanen da suka zauna nan daga wajen 5200 zuwa 2500 kafin haihuwar Annabi Isa sun yi aiki da koren dutsen, alhali babu shi a Gobero. Mahaƙarsa tana Alallaka, a gefen Azbin, tafiyar fiye da kilomita 150. Ke nan ko dai sun yi tattaki sun ɗebo, ko kuwa sun yi musaya da waɗanda ke kusa da shi. Mai karatu ya lura, ba dutsen kansa ne ya ba da wannan labari ba, tazarar da ke tsakanin mahaƙa da inda aka tarar da shi ce ta bayar.

To, a nan gizo ke saƙar. A hamada iska takan kwashe rairayi ta bar kayan nan a fili, don haka tsintarsu ba wuya. Lokacin da 'yan yawon buɗe ido ke tururuwa zuwa Agadas, an sha sayar musu da kawunan kibau. Mai tsinta kuwa kyawawa yake zaɓa, ya bar ɓaraguzai, sai mai bincike ya zo ya tarar da wurin kamar littafin da aka yage tsakiyarsa. A ganina, wanda ya tara kibau ɗari a kwano ba tare da sanin mazauninsu ba, tsakuwa kawai ya tara. Doka ma ba ta yarda ba: a Nijeriya dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi, ta hana tono ko fitar da kayan tarihi sai da izini.

Mu ma ba mu kuɓuta ba. Manomi yakan tono gogaggen gatarin dutse a gona, ya ce gatarin aradu ne, ya kai gida ya adana don tsari. Kakata tana da guda a cikin tukunya, baƙi, mai santsi, bai kai tsawon tafin hannu ba. Sa'ad da na tambaye ta gonar da aka same shi, sai ta ce ita ma a ɗakin uwar mijinta ta tarar da shi.